Sakan tara ya yi a sama: ta ina sabon shiga zai fara da jirgi mai saukar ungulu na rimot?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana uku ke nan ina karanta hirarku ban ce uffan ba, amma yau dole in yi magana. Na sayi jirgi mai saukar ungulu na rimot, na hannu ne, girman da ake kira 450. Mai shi ya haɗa mini da rimot da caja da batir biyu. Jiya da yamma na fita fili, na ajiye shi, na tura totur a hankali. Ƙarar kaɗai ta sa gwiwata ta yi sanyi. Yana ɗaga ƙafa sai ya fara silalewa hagu, na danna dama, ya zarce, na firgita na ja totur ƙasa gaba ɗaya. Maimakon ya sauka, sai ya doki ƙasa kamar an sa masa guduma. Farfela biyu sun tarwatse, bututun wutsiya ya lanƙwashe, wata farar giya ta zubar da haƙora. Ƙanena da ke ɗaukar bidiyo ya ce sakan tara ne cif. Don Allah ku faɗa mini gaskiya: in gyara in ci gaba, ko tun asali ba da irinsa ake farawa ba?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Barka da zuwa ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, babu wanda farfela ta taɓa ko? Taku nawa ne tsakaninku da shi?

Sabon Shiga:
Lafiya lau muke Yaya. Kamar taku uku.

Tsohon Hannu:
Taku uku! To ka gode wa Allah. Faɗin da'irar farfelar 450 kusan santimita 70 ne, kuma tana juyawa wajen sau 2,800 a minti. Ka buga lissafin da kanka, bakin farfelar na gudun da ya wuce kilomita 350 a awa. Nan gaba ka ba shi mita biyar ko fiye, mai kallo kuma ya tsaya a bayanka.

Silalewar hagu ba laifinka ba ne, kuma ba lalacewa ba ce. In ka kalli babbar farfela daga sama, tana bin hanyar hannun agogo, gangar jikin jirgin kuwa na son juyawa akasin haka. Aikin 'yar farfelar wutsiya shi ne ta hana wannan juyin, amma da yake gefe take hura iska, sai ta riƙa tura jirgin ɗungurungum zuwa hagu. Shi ya sa jirgin da ya tsaya cak a iska za ka ga ya ɗan kishingiɗa dama. Ga kuma iskar da yake hurawa ƙasa tana dawo masa. Muddin bai wuce tsayin gwiwa ba, kamar mutum ne ya hau kan ƙwallo.

Abin da ya cuce ka shi ne jan totur. Jirginka irin da ake kira CP ne. A irinsa sandar hagu ba gudun inji kaɗai take sarrafawa ba, tana kuma karkata fuskar farfela. Ka tura sama, farfela ta ɗebi iska ta tura ƙasa, jirgi ya tashi. Ka sauko ƙasa da tsakiya, karkatar ta juye, farfela ta koma danna jirgin ƙasa da ƙarfinta. An yi shi haka ne saboda masu tashi a kife. Ina kyautata zaton mai shi na da ya bar saitin a digiri 12 sama, 12 ƙasa. Kai a ganinka birki ka taka.

Shawarata, kada ka gyara yanzu. Tattara shi ka sa a kwali. Ka nemi simuleta, wato manhajar koyon tuƙin jirgi a kwamfuta, ga Heli-X, ga RealFlight, ga neXt, ga AccuRC. Ka jona rimot ɗinka na gaske, ba madannan kwamfuta ba, don yatsun da za su tuƙa jirgin su ne ake koyarwa. Minti ashirin kullum ya fi awa uku sau ɗaya a mako.

Mai Gajen Haƙuri:
An zo wurin. Duk wanda ya shigo zauren nan da zafinsa sai Baba ya zuba masa ruwan simuleta. Ranka ya daɗe, mutum jirgi ya saya don ya ga abu ya tashi a gabansa, ba don ya zauna yana kallon allo ba. Mutum nawa aka ce su yi wata biyu a kwamfuta, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba?

Kuma simuleta ba ta koyar da tsoro. Ka faɗi, ka danna maɓalli, ga sabon jirgi. Ni na yi sati uku a kanta ina ganin na zama gwani, ranar da na fita fili hannuna ya riƙa rawa kamar mazari. Malam Sabon Shiga, ka nemi ƙaramin CP irin XK K110, ko giram 100 bai kai ba. Ka tashe shi a kan ciyawa. In ya faɗi, sau da yawa kakkaɓe shi kawai za ka yi ka sake tashi. Yana kuma da saitin da in ka saki sanda zai miƙe da kansa.

Ɗan Bene:
Ni duk kun yi nisa. Me ya hana ya fara da mai farfela biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa? Da Syma S107 na fara a cikin ɗaki, ranar farko na iya tsayar da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Makanike:
A'a ɗan'uwa, nan kam ban bi ka ba. Ka iya tsayar da shi ne don shi yake tsayar da kansa. Farfelun nan biyu kowace na juyawa akasin 'yar'uwarta, ga sandar nauyi a can sama tana daidaita shi. Ko ka ajiye rimot ka naɗe hannu ba zai kife ba.

Sannan canel uku gare shi: sama da ƙasa, juya hanci, gaba da baya. Babu tafiyar gefe, alhali tafiyar gefen ce ta kayar da mutumin nan jiya. Mafi muni, juya hanci a sandar dama yake. A rimot na gaske mai tsarin Mode 2, wanda yawancinmu ke amfani da shi, totur da juya hanci suna hagu, gaba da baya da gefe suna dama. Wato zai koya wa babban yatsansa abin da sai ya zo ya kankare daga baya. Ga shi da hasken infrared yake karɓar umarni irin na rimot ɗin talabijin, ka fita da shi rana ya daina jin maganarka.

Ɗan Bene:
To ai ni ban ga ta inda ya cuce ni ba.

Makanike:
Yanzu me kake tashi da shi?

Ɗan Bene:
Shi ɗin dai. Na uku ke nan.

Mai Gajen Haƙuri:
Shari'a ta ƙare 😂

Tsohon Hannu:
Ku bar shi, kowa da abin da ke faranta masa. Amma bari in koma kan Mai Gajen Haƙuri, don akwai gaskiya a maganarsa, rabi dai. Na yarda simuleta ba ta sa gaban mutum ya faɗi. To ba tsoro na tura shi ya koyo ba, tsoro ya riga ya same shi kyauta jiya. Abin da ya rasa shi ne yatsun da ke gyara kuskure kafin ƙwaƙwalwa ta gama tunani. Jirgin CP ba ya zama wuri guda ko na sakan ɗaya, kullum faɗuwa yake son yi ta wani gefe, kai kuma kana tare shi da 'yan ƙananan taɓi. In sai ka tsaya ka ce "hagu ya yi, bari in danna dama", ka makara. Wannan maimaici ne kawai ke kawo shi, sau ɗaruruwa. Ina ne mutum zai faɗi sau ɗari biyu bai jira kayan gyara ko sau ɗaya ba?

Batun ƙaramin jirgi kuwa, ban ƙi ba, ni ma ina da guda biyu. Sai dai a gaya masa duka. Ƙarami ya fi babba rawar kai, 'yar iska kaɗan ta kwashe shi, kuma in ya yi nisan mita goma sha biyar ba ka bambance hancinsa da wutsiyarsa. Saitin miƙewa da kai kuma sandar dogarawa ce. Tana da amfani a makon farko. Wanda ya wuce wata yana dogara da ita, ranar da ya kashe ta sai ya tarar bai iya komai ba.

Mai Gajen Haƙuri:
To Baba ku da kuka koya a zamanin da babu simuleta fa? Ai ga ku nan kun iya.

Tsohon Hannu:
Mun iya, amma ka tambaye ni mutum nawa muka fara tare. Lokacin injin mai ne, ga hayaƙi, ga sandar daidaito a kan farfela, jairo kuma, wato na'urar da ke jin motsin jirgi ta daidaita shi, wutsiya kaɗai yake riƙewa. Mukan ɗaura sanduna biyu a gicciye a ƙafar jirgi, da ƙwallayen tebur a bakinsu, mu yi ta tsallen kwaɗo. Tanki ɗaya, gyaran sati biyu. Waɗanda suka riga mu sun fi mu shan wuya. Bajamushen nan Dieter Schlüter da ya fito da jirgin rimot mai tashi sosai wajen 1970, babu jairo ma gaba ɗaya a nasa. Yanzu ga 'yar na'ura kamar akwatin ashana tana lura da jirgi ta kowace fuska. Ban ga dalilin da zan sa yaro ya sha wuyar da aka riga aka yi wa magani ba.

Maman Biyu:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na katse ku. Yarona ɗan shekara tara ya dame ni da maganar jirgin nan. Da na karanta lissafin gudun farfela sai jikina ya mutu. In haƙura ne gaba ɗaya?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki haƙura, nan ne jirgin Ɗan Bene ya samu gurbinsa. Ƙaramin mai farfela biyu na cikin ɗaki, mai laushin farfela, shi ya dace da yaro. Ki duba shekarun da aka rubuta a kwali, da yawa 14 suke sawa, don haka ki kasance a wurin. A kashe fanka, a nisanta shi da fuska da gashi, caji kuma ke za ki riƙa yi, ba shi ba.

Ɗan Bene:
Alhamdu lillahi, yau an wanke ni.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai Malam. Allah ya saka.

Sabon Shiga:
Ina biye da ku, kuma na fara gane inda na yi wauta. Tunda an taɓo caji, ɗaya daga cikin batiran da aka ba ni ya ɗan kumbura kamar matashin kai. Mai shi ya ce haka suke yi in sun saba da aiki.

Makanike:
Innalillahi. Oga, fitar da shi daga ɗaki yanzu, kafin ka gama karanta wannan. Batirin LiPo da ya kumbura ya gama yawo, iskar gas ce ta taru a ciki. Kada ka caja shi, kada ka huda shi don ya sace, hudawar ce ke tada wuta. Ka ajiye shi a kan siminti ko cikin yashi nesa da abin da ke kamawa, a zuƙe wutarsa a hankali da ƙaramin ƙwan fitila har ta ƙare, sannan a kai inda ake karɓar matattun batira.

Ga abin da za ka haddace game da mai lafiyar. Kowane sel, wato ƙwayar batir ɗaya da ke cikinsa, 3.7V ne a suna, in ya cika 4.2V, ba a wuce nan. Naka na 450 sel uku ne, shi ne 3S, 11.1V, galibi 2200mAh. Ka caja shi a 2.2A, wato 1C, ƙarfin cajin da ya yi daidai da girman batirin, kuma kullum ka jona ƙaramar farar wayar nan don caja ta daidaita sel ɗin uku. Kada ka tashi har sai jirgi ya rasa ƙarfi. Sa agogon rimot a minti huɗu, ka sauka, ka auna. In ka ga wajen 3.7V zuwa 3.8V a kowane sel bayan ya huta, ka yi daidai. In za ka yi kwanaki ba ka tashi ba, ka bar shi a 3.8V, caja mai kyau tana da saitin ajiya. Barin sa a cike na makonni da zuƙe shi ƙarƙaf, su ne manyan masu kawo kumburin nan. Kuma ba a sa caji a tafi barci.

Sabon Shiga:
Na fitar. Wallahi a ƙarƙashin gado yake tun shekaranjiya.

Mai Kallo:
Tambaya ta jahilci. Duk wannan wahalar ta mece ce? Ga jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu, ka saki sanda su tsaya cak, ka danna maɓalli su dawo gida.

Mai Gajen Haƙuri:
Wancan kyamara ce mai fukafukai, GPS ke tuƙa ta, kai rakiya kake yi. In hoto kake so, saye shi. Mu nan wahalar muke so.

Mai Kula da Zaure:
A ci gaba, amma a sassauta zolaya. Tunatarwa ɗaya ga sabbi: ƙasashe da dama, har da Amurka, sun sa giram 250 a matsayin iyakar da in jirgi ya kai sai an yi masa rajista, kuma nauyin jirgi mai girman 450 ya ninka haka. Kowa ya binciki dokar inda yake. Kusa da filin jirgin sama da saman taron jama'a kuwa, a guje musu.

Makanike:
Bari in raba gardamar Baba da Mai Gajen Haƙuri, don a ganina duk sun tsallake tambayar farko. Malam, wane irin rimot aka ba ka? Yana da allo da wurin adana jirage da yawa? Yana da ramin USB ko na wayar koyarwa a baya?

Sabon Shiga:
Yana da allo, akwai rami a baya. Canel shida aka rubuta.

Makanike:
To ka tsira da abu mafi muhimmanci. Jirgi yana zuwa ya tafi, rimot shi ke zama. Da shi za ka yi simuleta, kuma in yarensu ya zo ɗaya, da shi za ka tashi ƙaramin jirgin. Ka lura da wannan, duk 2.4GHz ne amma ba duka ke jin juna ba. Rimot ɗin kamfanin Spektrum na magana da DSMX, na Futaba na da S-FHSS, K110 da aka ambata S-FHSS yake ji. Akwai rimot irin RadioMaster TX16S mai jin yaruka da yawa. In ka ga an rubuta RTF a kwali, da rimot ɗinsa ya zo. BNF kuwa jirgi ne zalla, kai za ka haɗa da naka. Kafin ka sayi kowane jirgi, fara neman kayan gyaransa. In ba ka ga mai sayar da farfela da babbar giya da sandar tsakiya mai ɗauke da babbar farfela ba, bar shi komai kyansa.

Sannan ka nemo makunnin yanke totur a rimot ɗin, ka sa shi inda ɗan yatsanka ke kwana. Duk faɗuwar da za ka yi a simuleta, ka buga shi kafin jirgi ya taɓa ƙasa, har ya zame maka jiki. Farfelar da inji ke turawa ita ke cin giya da sarbo, wato 'yan injinan da ke karkata farfela. Da ka buga shi jiya maimakon jan sanda, da wataƙila ƙafa kawai za ka canza. Wajen kunnawa, rimot ne farko, makunnin nan a kunne, sannan batirin jirgi, ka bar shi ya yi 'yan sakanni ba motsi don jairo ya gane inda yake. Wajen kashewa, jirgi ne farko.

Mai Gajen Haƙuri:
Na yarda da rabi, kamar yadda Baba ya yarda da rabin tawa. Ya yi simuleta da dare, ya tashi ƙarami da safe kafin iska ta taso. Amma kada a ce sai ya yi wata biyu.

Tsohon Hannu:
Ba da wata nake aunawa ba. Ya tsayar da jirgi wutsiya na kallonsa, a tsayin ƙirji, cikin da'irar da ba ta wuce mita biyu ba, na minti huɗu, sau uku a jere. Ranar da ya yi haka ya fita fili, ko gobe ne.

Sabon Shiga:
Salam jama'a, na dawo bayan sati uku. Jarrabawar Yaya Tsohon Hannu na ci ta ranar kwana na goma sha shida. Na samu ƙaramin CP, na tashi batir tara, na faɗi sau biyar, abin da ya karye ƙafa ɗaya ce da 'yar farfelar wutsiya. Mai Gajen Haƙuri bai yi ƙarya ba, hannuna ya yi rawa, amma yatsan ya buga makunnin da kansa ban ma sani ba. Yanzu matsalata, da zarar hancinsa ya juyo yana kallona sai komai ya rikice. A simuleta ko sakan biyar ba na kaiwa.

Tsohon Hannu:
Madalla ƙanena. Wannan katangar kowa ya yi karo da ita. In yana kallonka, damarsa ita ce hagunka, gabansa kuma kai ne. Kada ka tsallaka kai tsaye. Fara juya shi kaɗan, kamar rabin gefe, ka riƙe har ka gaji, sannan gefe sosai, hagu da dama, don za ka tarar ɗaya ya fi maka wuya. In ka iso hanci, ga dabara: ka kalli da'irar farfela, gefen da ya yi ƙasa, can za ka tura sandar dama, kamar kana sa masa tokara. Juya hanci bai canza ba, yana nan yadda ka san shi. In ka rikice, ƙara totur kaɗan ya yi sama, ka juyo da wutsiya gare ka, ka numfasa. A rimot kuma ka sa expo wajen kashi 25 zuwa 30, tsakiyar sanda za ta yi laushi.

Makanike:
Shi kuma na cikin kwali, lokacin buɗe shi ya yi, gyara dai ba tashi ba. Abin da ido ya gani ba shi ne duka ba. Zare sandar tsakiya ka mirgina ta a kan gilashi, haka ma 'yar sandar da ke ratsa kan farfela ta riƙe su biyun. Ka juya kowane sarbo da hannu a hankali, in ka ji ƙaras-ƙaras haƙori ya tafi. Duk sukurun da ke shiga ƙarfe ka ɗiga masa shuɗin gam na zare, wanda ke shiga roba kuma kada ka sa, yana cin ta. Farfela a canza biyun tare. Karkatar ƙasa ka rage ta zuwa digiri 2 ko 3 kafin ka sake tashi.

Sabon Shiga:
Na mirgina sandar tsakiyar a kan gilashin tebur. Tana tafiya tana ɗingishi.

Makanike:
Ta tafi. Ka sayo biyu.

Mai Gajen Haƙuri:
Uku.